Maharbi Da Mai Ɗan Jagora: Naman Na Wane Ne?

Wanda ya fita Sakkwato ya kama hanyar Jega, in ya yi tafiyar kimanin mil 15 sai ya iso Boɗinga, in ya ƙara wajen haka kuma sai ga shi a Shagari. Ƙasa ce wadda baka yake da tsohon mutunci a cikinta. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato cikin 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga ita kanta. A Tabkin Kwatto kuma, cikin 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu ne suka tsai da dawakin Gobir. Tun kafin yaƙin nan har bayansa, kwari da baka suna hannun wasu mutane masu gado, watau maharba, waɗanda Sakkwatawa suke ce wa mahalba.

Labarin farauta iri biyu ne a duniya. Akwai na mutumin da ya shiga dawa shi kaɗai, da guzurinsa da saninsa, ya nemo nama ya komo. Akwai kuma na mutumin da ya biya kuɗi aka shirya masa kome, aka ba shi wanda zai kai shi gaban nama, shi dai nasa ya ɗana bindiga ya harba. Na farko a baki yake, cikin kirari da hirar dare ta garuruwa irin su Boɗinga da Shagari. Na biyu yana cikin manyan littattafai masu hotuna, ya zaga duniya. Ya kamata a auna su biyun da mudu ɗaya, a ga abin da kowanne ya faɗa da abin da ya ɓoye, domin wanda ya koyi karatu da girmansa yakan ɗauka duk abin da aka buga ya fi abin da aka ji a baki, alhali kuwa sai an duba.

Aikin maharbi

Kafin a yi hukunci a kan labari, sai a san aikin da labarin yake bayarwa. Maharbi na gado tun yana yaro yake bin ubansa, yana ɗauke da gorar ruwa, bakinsa a rufe. Shekaru yake yi kafin a yarda ya saki kibiya. Abin da yake koyo a shekarun nan karatu ne sosai, sai dai allonsa ƙasa ce. Yakan bambanta sawun gada da na barewa, ya san na jiya da na ɗazu ta wurin kaifin bakin sawun da raɓar da ta sauka a kansa. Yakan murza kashin dabba ya san abin da ta ci da lokacin da ta wuce. Yakan zubar da ɗan ƙura daga tsakanin yatsunsa ya ga inda iska ta nufa, domin nama ya fi tsoron warin mutum bisa ga ganinsa. Ya san mashaya, ya san inda namu suke lasar kanwa, ya san kukan tsuntsun da yake tona asirin mai tahowa.

Kayan aikinsa ma shi yake haɗa yawancinsu. Kibiyar Hausa kyauro ce da bakin ƙarfe mai kunne, ba a sa mata gashi, saboda haka ba ta cin nisa. Ƙarfinta yana ga dafi, wanda akan dafa da 'ya'yan kwankwani, a haɗa da wasu itatuwa gwargwadon sanin kowane gida. Dafin nan zuciya yake kamawa. In dabba ta faɗi, maharbi ya yanka ta, ya yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya ya yar, saura kuwa ya ciwu. Tun da yake kibiyar ba ta cin nisa, tilas ne ya matsa kusa ƙwarai, daga nan ne dabarunsa suka fito: sanɗa, da dako a bakin ruwa, da bago a bisa itace, da kuma burtu, inda yakan ɗaura kan tsuntsun nan a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar namu ba su farga ba. Mai adaka ma, ko da yake ya rabu da baka, bai rabu da wannan wahala ba, gama harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗuri. In ya kuskure, ranar ta tafi.

To, wannan shi ne abin da ake nufi in an ce mutum ya dogara da kansa a dawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. In maharbi ya ɓata hanya ba mai nuna masa, in ƙishirwa ta kama shi ba mai miƙo masa ruwa, in ya raunata mugun dawa shi zai bi jininsa cikin sarƙaƙiya.

Yadda maharbi yake ba da labarinsa

Labarin maharbi yana fitowa ta hanya biyu. Ɗaya ita ce kirari, wanda yakan yi in an kaɗa masa komo ko an buga masa takensa, ɗaya kuwa ita ce hira. Kyawun kirarin maharba a fili yake. Magana ce gajeriya mai nauyi, ba ta da kalmar banza, tana cike da sunayen dazuzzuka da itatuwa da namu. Mai saurare da kunnen basira zai tsinci tarihi a ciki, domin yakan ji an ambaci gwanki da kanki da ɓauna, namun da saurayin yau zai yi ta yawo tsakanin Boɗinga da Shagari har ya tsufa bai gan su ba. Ta wannan fuska kirari ya zama kamar rajistar abin da ƙasa ta taɓa riƙewa.

Amma fa yana da aibu uku, kuma son gida ba zai hana a faɗe su ba. Na fari, kirari bai san kuskure ba. Ba a taɓa jin maharbi ya tsaya gaban makaɗi ya ce ran kaza ya yi sanɗa wuni guda iska ta juya masa, ko ya ce ya soki barewa a cinya ta tafi ta mutu inda ungulu kaɗai suka amfana. Yaro mai koyo kuwa ya fi bukatar labarin kuskure, domin a nan darasi yake.

Na biyu, kirari yakan ɗauki abin da sani ya yi ya ba asiri. In maharbi ya iso kusa da nama har taki goma, sai a ce layar zana ce. Ba a ambaton iskar da ya auna, da haƙurin da ya yi cikin tururuwa bai motsa ba. Maharbin da kansa ya fi son a ce laya ce, don kwarjininsa ya ƙaru a kasuwa inda yake sai da magani. Sakamakon haka shi ne, saurayi ya tafi neman laya ya bar koyon iska, ran da tsohon ya rasu kuwa sai a rufe shi da saninsa.

Na uku, kirari yakan nuna mutum ɗaya tak, kamar daga sama ya faɗo. Ina maƙerin da ya ƙera bakin kibiya? Ina uban da ya nuna masa sawu, da matar da ta dama furar guzuri, da Bafillacen da ya ce masa ya ga gada a kwarin can da asuba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a dawa. Maharbi ma yana da jagora, sai dai jagoransa ya riga shi wucewa, ya bar masa sanin a ka.

Littafin mai ɗan jagora

A ɗaya gefen kuma, littafin da ya fi dacewa a ɗauka misali shi ne na Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1901 zuwa 1909. Da ya sauka daga mulki sai ya taho farauta Afirka ta Gabas tare da ɗansa Kermit. Suka sauka Mombasa cikin Afrilu 1909, suka ratsa Kenya da Yuganda da gefen Kwango, suka ɓulla Hartum cikin Maris 1910. A shekarar nan ya fitar da littafinsa mai suna African Game Trails, watau hanyoyin namun dajin Afirka. Wani kamfani na Nairobi, Newland da Tarlton, shi ya shirya tafiyar. Gidan adana kayan ilmi na Smithsonian ya aiko da masana, attajirai irin su Andrew Carnegie suka ba da kuɗi. 'Yan alaro fiye da 200 suka ɗauki kaya, har da tantuna, da gishiri mai yawa na gyaran fatu, da akwatin littattafan da shugaban yake karantawa in ya huta. Wanda ya ja ayarin kuwa wani ƙwararren mafarauci ne mai suna Cuninghame.

Yabon gwani ya zama dole. Littafin nan yana da abin da kirari ya rasa, watau lissafi. A ƙarshensa an jera abin da uba da ɗa suka kashe, guda 512, a ciki akwai zaki 17, giwa 11, karkanda 20. Marubucin yakan faɗi wuri da lokaci, ya siffanta halin dabba da abincinta. Idonsa na hagu ya riga ya mutu tun kafin tafiyar, bai kuwa ɓoye cewa yakan yi harbi da yawa kafin dabba ɗaya ta faɗi ba. Ya ba da labarin giwarsa ta fari a gindin Dutsen Kenya, yadda ya kā da ita, nan take wani toron ya fito masa daga kurmi bindigarsa ba harsashi, ya kauce bayan itace, Cuninghame ya harba ya kore ta. Mutumin da ya rubuta ranar da wani ya cece shi ya yi abin da mai kirari ba ya yi. Har wa yau ya ga jaruman kabilar Nandi sun kewaye zaki sun kashe shi da masu, ya kuwa yaba musu yabo na gaske.

Duk da haka akwai rami a tsakiyar littafin. Mai karatu ya tambayi kansa a kowane shafi: wa ya ga sawun? Wa ya san inda ruwa yake? Wa ya ce a bi ta nan domin iska? A mafi yawan wurare amsar ita ce wani baƙin mutum da yake tafe a gaba, ido a ƙasa. Marubucin ya ambaci sunayen kaɗan daga cikin masu riƙe masa bindiga, ya yabi biyayyarsu, amma yakan dube su kamar manyan yara, bai zauna ya tambaye su yadda suka san abin da suka sani ya rubuta ba. A jerin nan na 512, suna biyu ne kaɗai a bisa. Hausawa sun riga sun yi wa irin wannan magana: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan hali na ɗaukar sani a bar mai shi ya wuce littafi ɗaya. Dangin kwankwanin nan da maharba suke dafawa, Turawan da suka bi kogin Zambezi tare da Livingstone sun same shi a hannun maharban can, suka kai shi gida. Cikin 1885 wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya gabatar da maganin ciwon zuciya da ya fitar daga cikinsa. Sunan likitan yana cikin littattafai har yau. Kakannin da suka fara gane cewa tsiron nan zuciya yake taɓawa, ba wanda ya rubuta nasu.

Yadda abin ya kasance a ƙasar Hausa

Baƙo mai bindiga ya daɗe da sanin dajin Sakkwato. Kyaftin Clapperton, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sau biyu, ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya ba da labari cewa maigidan nasa ya ɗora asalin ciwonsa a kan wata rana da ya fita harbi a Magariya, ya wuni cikin rana, ya gaji ya kwanta a ƙasa mai damshi. Ƙasa tana da ka'idodinta, da ɗan gari kuwa akan ci gari.

Bayan 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, sai aka sami sabon salo. Di'o ko Razdan in ya fita rangadi yana son nama, sai hakimi ya sa a kira Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ya ba da wanda zai raka shi. Maharbi ya bi sawu, ya nuna da yatsa, Bature ya harba, a kai ƙahon Ingila a kafa a bango. A lokacin nan ne kuma doka ta shigo tsakanin maharbi da dajinsa. An kafa dokar kiyaye namun daji ta Nijeriya cikin 1916. Cikin 1933 ƙasashe masu mulkin Afirka suka yi yarjejeniya a London, wadda ta nemi a hana ko a taƙaita kewaye namu da wuta, da harbi daga mota, da fitila mai kashe ido, da dafi, da ramuka da tarkuna. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar cikin 1963, ta Tarayya kuma ta ƙara wata cikin 1985 don namun da suke gab da ƙarewa. Nufin dokokin nan mai kyau ne, da yawa daga abin da suka hana ya cancanci hani. Sai dai sun haifar da wani abin mamaki: mai kuɗin yankan lasin ya zama mafarauci a idon hukuma, wanda ya gaji dawa kaka da kakanni kuwa, in ba takarda a hannunsa, sai a kira shi ɓarawon nama.

Farautar gayya

Akwai iri na uku wanda ya zauna tsakani, shi ne kuma ya fi yawa a bakin samari, watau farautar gayya ta rani. Sarkin Dawa ya sa rana, a yi shela, garuruwa su haɗu da karnuka da gora da barandami, makaɗa suna biye. Masu zuwa sukan ɗauki kansu magadan maharba, amma in an duba da kyau yawancinsu 'yan rakiya ne kamar Baturen nan: wani ya zaɓi dajin, wani ya san mafitar nama, su dai nasu gudu da jifa. Farautar nan tana da amfaninta wajen zumunci da motsa jini, kuma a da tana da ka'ida. A ƙasar Maradi da Birnin Konni an san al'adar buɗin daji, wadda a cikinta ba a shiga farautar shekara sai manya sun buɗe. Inda ka'ida ta faɗi kuwa sai ɓarna ta tsaya: a cinna wa daji wuta, a kashe mai ciki da mai shayarwa, a yi rigima a kan zomo ɗaya har a fasa kan mutum. Wuta ɗaya takan cinye ciyawar da shanun gari za su ci wata uku, da ƙwan zabi, da 'ya'yan itatuwan da ba su kai ga tsere mata ba.

Awo

In aka ce wanne ya fi sani da jarumtaka, hukunci ba shi da wuya. Maharbi mai tafiya shi kaɗai ya fi, nesa ba kusa ba, domin shi ya karanta ƙasa, shi ya ɗauki kasada, shi ya ɗauki alhakin abin da ya aikata. Wannan na ƙarshe shi ne babba. Cikin Yuli 2015 wani likitan haƙori daga Amurka ya biya wajen dala 50,000 aka kai shi ya harbi wani sanannen zaki da ake kira Cecil a gefen gandun Hwange na Zimbabuwe. Da duniya ta yi ca a kansa, sai ya ce shi ya dogara ne ga jagororinsa, su suka san doka. Wanda ya sayi idon wani yakan so ya sayar masa da laifi kuma. Maharbin ƙauye ba shi da wanda zai miƙa wa.

Malaman zaure ma suna da mudunsu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban fiƙihu suke karantawa a ƙasar Sakkwato, an rarrabe farautar da aka yi don wasa, wadda aka karhanta, da wadda aka yi don bukata, wadda aka halatta. Da wannan mudu, mai neman abin miya ga iyalinsa yana gaba da mai neman ƙahon ado. Da shi kuma saurayin da ya ƙone daji don a ce ya yi bajinta bai kuɓuta ba.

Amma in aka ce wanne ya fi barin nama a dawa, sai magana ta ƙi tafiya yadda zuciya take so. Ba ayarin attajiran ƙetare ne suka share dajin da ke tsakanin Boɗinga da Shagari ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haɗe da juna, gatari ya bi itace don girki da gawayi, farin 1973 da na 1984 suka busar da mashaya, bindiga da fitilar goshi suka sauƙaƙa kisa, wutar gayya ta gama da saura. Da yawa daga cikin wannan aikin hannun 'yan gida ne. Binciken da aka buga cikin 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba, na Nijeriya kuwa ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari kaɗai. Da dajin gida ya ƙare, mafarautan Arewa suka shiga tafiya mai nisa zuwa kurmi, tafiyar da ta zama mai haɗari: cikin Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano.

A can ƙetare kuma lissafin ya rikice. Kenya ta hana farautar manyan namu cikin 1977, duk da haka ƙidayar da aka yi daga shekarar nan zuwa 2016 ta nuna namun dajinta sun ragu da wajen kashi biyu cikin uku, mafi yawa saboda ƙarancin wurin zama. Namibiya kuwa ta yi doka cikin 1996 wadda ta ba ƙauyuka ikon cin amfanin namun ƙasarsu, har da kuɗin baƙi masu zuwa farauta da jagora, a wurare da dama kuma namun suka ƙaru. Abin da wannan yake koyarwa shi ne, dabba takan tsira inda take da maigida, wanda zai ƙirga ta, ya san ribar barinta da rai, ya kuma iya ce wa mai bindiga ya isa haka. A da Sarkin Dawa da ka'idodin gado su ne maigidan. Da suka raunana, ba a sami wanda ya maye gurbinsu ba.

Akwai misali kusa da gida. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ƙare ko'ina sai a wajen Kure, gabas da Yamai, inda aka ƙirga 49 kacal cikin 1996. Gwamnatin Nijar ta tsare su, mutanen wurin suka kafa ƙungiyar 'yan jagora masu kai baƙi kallo a biya su, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600. Cikin 2018 har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maradi. Harin da 'yan bindiga suka kai wurin cikin Agusta 2020, wanda ya ci rayuka takwas har da shugaban 'yan jagoran, ya nuna cewa sana'ar nan ba ta tsayuwa sai da zaman lafiya. Amma ta tabbatar da abu ɗaya: sanin sawu da iska yana iya ciyar da mai shi ba tare da an zubar da jini ba, jagora kuma yana iya zama mai suna da daraja, a san shi a biya shi.

Abin da ya rage ga mai alƙalami

Hukuncin da ya fito daga awon nan shi ne, maharbi ya fi sani, littafi ya fi riƙo. Kirari ya ajiye sunan jarumi ya zubar da dabararsa. Littafin Roosevelt ya ajiye lissafi da kwanan wata ya zubar da mutanen da suka kai shi. Labarin farauta na ƙwarai, wanda har yanzu ba a rubuta shi da Hausa yadda ya kamata ba, shi ne wanda zai haɗa sanin na farko da gaskiyar lissafin na biyu, ya kuma ba kowa haƙƙinsa.

Wannan aiki ba ya jiran wani masani daga nesa. Mutumin Boɗinga ko na Shagari da ya fita ajin yaƙi da jahilci da takardar shaidarsa ya fi kowa dacewa da shi, domin tsofaffin maharba maƙwabtansa ne, harshensu ɗaya, ba za su yi masa rowar da za su yi wa baƙo ba. Ya sami littafin rubutu na 'yan kuɗi kaɗan, ya je ya gai da tsoho da goro, ya tambaye shi sunayen dazuzzukan da suka zama gonaki, da namun da suke cikinsu, da shekarar da ya yi wa kowanne ganin ƙarshe, ko da zamanin wane hakimi ne. Ya tambayi ka'idodin da aka bari: watan da ba a farauta, da dabbar da ba a taɓawa, da rabon da akan kai wa sarki. Ya roƙe shi labarin ranakun da ya komo hannu wofi, da dalilin haka. Abin da tsohon ya ce sirrin gida ne, kamar haɗin dafi, a bar masa kayansa. Sa'an nan a kan shafin farko, kafin marubucin ya sa nasa suna, ya rubuta sunan tsohon da ya faɗa masa, da na wanda ya koya wa tsohon, da garinsu, da ranar da aka yi hirar.